Galan Huɗu na Ruwan Teku

Har na kai shekara arba'in da ɗaya a duniya ban taɓa jin Hajiya ta kira sunana ba. Hajiya ita ta haife ni, ni ce 'yar farinta, kuma a gidanmu na Gwammaja kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Ƙannena shida duk tana kiransu da sunayensu, autanmu har kirari take masa. Ni kuwa "ke" ce. In ba na wurin, "waccan". In ranta ya yi fari ƙwarai, "yarinyar nan". Ranar da za a kai ni ɗakin miji ma, da aka tura ni wurinta in yi sallama, bango ta kalla ta ce, "To, Allah ya ba da zaman lafiya," sai ka ce amaryar maƙwabta ce ta leƙo.

A Kano abin bai taɓa damuna ba, don duk 'yan farin layinmu haka muke. Sai da na zo Greensboro a Amurka na haifi yarinya mai shegen tambaya.

Bara, da na haifi na biyu, namiji, Hajiya ta zo mini zaman jego na wata shida. Gidanmu a unguwar Glenwood yake, kusa da jami'ar da maigidana ke koyarwa, tsohon gida ne ƙarami mai ɗaki biyu, dabensa na katako, ko mage ta taka sai ya yi ƙara. To a wannan ɗan gidan aka haɗa kunya biyu. Hajiya ba ta kiran sunana, ba ta kuma cin abinci a gaban surukinta ko haɗa ido da shi. Shi ma bawan Allah da ya ji tafiyarta sai ya faɗa banɗaki ya rufe ƙofa. Akwai ranar da ya yi kusan rabin awa a ciki yana jira ta wuce, ita kuma tana tsaye a bakin ɗakinta da buta tana jira ya fito.

Saboda haka duk saƙon gidan ta hannun 'yata yake bi, yarinya 'yar shekara bakwai da take jin rabin Hausa ta mayar da amsa da Turanci. Ina tsaye a kicin, tsakanina da Hajiya bai fi taku biyu ba, sai in ji ta ce, "Ƙawata, ce wa uwarki waken nan ya kama." Yarinya ta juyo ta ce mini da Turanci Kaka ta ce wani abu a kan wake. Kafin saƙo ya iso, wake ya gama ƙonewa.

Wata Lahadi da yamma ina yi wa yarinyar kitso, ta ɗago kai ta ce, "Mami, Kaka ta san sunanki kuwa?"

Na ce, "Ta sani mana. Sunkuyar da kai."

"To me ya sa ba ta faɗa? Ba ta son ki ne?"

Na yi ta laluben yadda zan bayyana mata kunya da Turanci, na rasa. A ƙarshe na ce Kaka ba ta da yawan magana ne. Yarinya ta ce, "Kaka? Wadda ta yi wa direban bas faɗa da Hausa tun daga nan har Elm Street?" Ta ƙara da cewa malamarsu ta ce in kana son mutum, gaya masa ake yi. Na yi dariya, na ja mata gashi kaɗan don ta yi shiru. Amma wallahi maganar ta soke ni. Na san Hajiya na sona, matar da ta bar ɗakinta da jikokinta goma sha ta zo tana dama mini kunun kanwa a ƙasar da ba ta jin ko "zo in kashe ki". Duk da haka na ji ina so in ji sunan nan a bakinta, ko sau ɗaya ne. Saura mata sati biyar ta koma, kuma a shekarunta ban san ko za ta sake hawa jirgi ba.

Sai na shiga dabara. Na fara da kurumta: in ta ce "ke", in yi kamar ban ji ba. Ta ce "ke" sau biyu, a na uku ta ƙwanƙwasa ludayi a murfin tukunya har jariri ya farka. Da na kai ta asibiti duba hawan jini, ma'aikaciyar ta tambayi wa za a kira in wani abu ya taso. Na ce, "Hajiya, wai ki faɗi sunan wadda ta kawo ki." Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ba ga ki nan a tsaye ba? Bakinki ciwo yake?" Har wata Anti da ke zaune a Summerfield, wani gari kusa da mu, na gayyato takanas, don sunanmu ɗaya, na ce yau dai sai Hajiya ta faɗa. Suka yi wuni guda suna hira kamar tare suka tashi, kuma daga farko har ƙarshe "mai sunan waccan" take ce mata. Ranar na ce na haƙura, tsohuwar nan ta fi ƙarfina.

Ana cikin haka ƙanwar Hajiya ta aiko saƙon murya daga Kano. Wai wata ta gaya mata ruwan teku na maganin ciwon gwiwa, a shafa safe da yamma, tunda Yaya tana Amurka ta taho mata da shi. Kafin kwana biyu magana ta zagaye dangi. Mai ciwon baya ta sa baki, mai ƙaiƙayi ta sa baki, har da wadda ba abin da ke damunta, ta ce dai a ajiye mata saboda gaba. Su a ganinsu Amurka duk a bakin teku take, in ka buɗe ƙofar baya sai ka ɗebo. Na ce wa Hajiya daga nan zuwa teku tafiyar fiye da awa uku ce, kuma ba a cika jirgi da ruwa haka kawai. Ta ce wa bango, "Zamzam ma a jirgi ake kawo shi." Daga ranar ta fara tara galan ɗin madara. Guda huɗu ta wanke da omo, ta ɗauraye, ta kife su a baranda suka bushe.

Muka sa ranar wata Asabar a watan Agusta za mu bakin teku a Wilmington. An ce da an idar da sallar asuba za a tashi, ba mu bar ƙofar gida ba sai ƙarfe goma, don Hajiya ta ce ba ta cin abincin hanya. Aka yi dambu, aka soya kaji, aka cika kula da zoɓo, ga fulas ɗin shayi, ga tabarma, ga buta biyu. Maƙwabcinmu, wani ɗalibi, da ya ga ana lodi ya tambayi maigida ko tashi muke yi daga gidan. A mota Hajiya ta zauna daidai bayan direba ta ja mayafi har hanci, don kada idonta ya haɗu da na suruki a madubi. Shi kuma ya karkatar da madubin gaba ɗaya, muka yi tafiyar nan yana kallon rufin mota in yana son ganin baya.

Wilmington gari ne mai ɗumi, iskarsa da danshi, kana fitowa daga mota za ka ji riga ta manne maka, ga ƙarnin kifi da gishiri. Tun kafin mu gama fakin Hajiya ta fara a'uziyya. Mata da maza suna ta wucewa da ɗan abin da bai kai hankici ba, wani tsoho mai tumbi ya ɗaga mana hannu yana murmushi. Ta ce, "Innalillahi! Waɗannan ba su da iyaye ne? Ƙawata, rufe idonki." Ƙawarta kuwa tuni ta cire takalmi ta ruga.

Amma da muka hau ɗan tudun yashi, teku ta bayyana, sai Hajiya ta tsaya cak. Carbin hannunta ma ya daina tafiya. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce a hankali, "Ikon Allah. Ina ƙarshensa?" Maigida, yana kallon ƙafarsa, ya ce wa iska ai in aka miƙe ta nan Afirka za a ɓulla. Ta ce wa tata iskar, "To da ta nan aka biyo da mu ai da an huta." Ta kuma rantse ko ɗan yatsanta ba zai taɓa ruwan nan ba, abin da ke numfashi haka shi kaɗai ba a wasa da shi.

Muka shimfiɗa tabarma, muka kafa lema. Hajiya ta juya wa tsiraicin jama'a baya ta buɗe kula. Wasu tsofaffin Turawa mata da miji suna zaune kusa da mu, ta miƙa musu cinyar kaza ta ce, "Bismillah." Kafin su gane me ake ciki, wani farin tsuntsun teku ya kawo sura ya yi gaba da cinyar. Hajiya ta bi shi da "Ɓarawo! Allah ya isa!" tsofaffin nan suna ta dariya har da hawaye. Ita dai ba ta kai loma ko ɗaya bakinta ba, don suruki na zaune. Da ya lura, sai ya saɓa jariri a kafaɗa ya ce bari ya je neman ayis kirim. Na san ba zai dawo ba sai ya tabbatar ta ƙoshi ta wanke hannu, don haka ya miƙa can nesa wajen shaguna.

Bayan ta ci, aka zo kan abin da ya kawo mu. Na ɗauki galan na tsuguna a bakin ruwa zan ɗiba, sai na ji, "Ƙawata, ce wa uwarki na bakin nan ƙafafun mutane sun dagula shi. Wa zai shafa wannan? Ta shiga ciki." Ni da ko a kududdufi ban taɓa iyo ba! Haka na tattare abaya na shiga har gwiwa, na cika na farko na kawo. Aka ɗaga shi a rana aka duba, aka ce da yashi, a ƙara gaba. Na biyu da na uku a ruwa iya cinya na ɗebo su. Kafin in koma da na huɗu, Hajiya ta yi alwala da butarta ta tayar da sallar azahar, yarinya kuma ta duƙufa tana gina gida da yashi.

Ina cikin danna galan na huɗu a ruwa ina jin yana ɓulɓul, ban ankara ba wata igiyar ruwa ta taso ta fi ni tsawo. Ta maka ni da ƙasa, ta juya ni, ta sake juya ni kamar wanki. Na sha gishiri har ta hanci. Da ƙyar na samu ƙasa na miƙe, sai na ga ruwa ya jawo ni can gefe, nesa da lemarmu, cikin wasu samari masu buga ƙwallo. Galan ya tafi, silifas ƙafa ɗaya ya tafi, hijabi ya juya fuska ta koma ƙeya, abaya kuwa ta lafe a jikina ba abin da ta ɓoye. Ni da nake tayawa ana zagin masu tsiraici! Na hango Hajiya tana ruku'u. Na ce kafin ta sallame bari in ruga mota in canza, tunda makullin na rataye a wuyana. Ban gaya wa kowa ba. Nan ne na yi wauta.

A mota na tarar duk lodin da muka yi, har da turmin daka yaji ƙarami, ba wanda ya tuna ya sa mini kayan canji. Abin da na samu busasshe shi ne jallabiyar maigida ta Juma'a da wani tawul ɗin jariri mai hoton agwagwa. Na sa jallabiya, na yafa tawul a ka. Kafin in kakkaɓe yashin da ya shiga inda bai kamata ba, in matse abaya, in nemo hanyar komawa, an yi minti ashirin ko fiye.

Tun daga kan tudu na ga mutane sun taru daidai lemarmu. Ga mai tsaron bakin ruwa da jan gajeren wando yana busa usur, ga tsohuwar Baturiyar nan ta rungume 'yata, yarinya tana ta kuka. Galan na huɗu yana yashe a bakin ruwa, teku ta dawo da shi. Sai na hango Hajiya.

Tana cikin teku. Matar da ta rantse ko yatsanta ba zai taɓa ruwan ba, ga ta ruwa har cinya, zane ya jiƙe, mayafi da ɗankwali sun tafi, furfurarta a waje. Ta ƙanƙame silifas ɗina ƙafa ɗaya a ƙirji. Mai tsaron yana jan hannunta tana fizgewa. Kuma tana ƙwala wa ruwan nan kira da iya ƙarfinta.

Sunana take kira.

Ba yadda ake faɗarsa a wurin aikina ba, inda suke tauna shi su tofar da rabi. Cikakkensa, kowane harafi a mazauninsa, da jan ƙarshen nan irin na matan cikin gari in suna kiran yaro daga zaure. Ta kira, igiyar ruwa ta buge ta ta yi tangal-tangal, ta gyara tsayuwa ta sake kira. Muryarta ta dushe tana cewa, "Ki fito, don Allah ki fito."

Zan faɗi gaskiya, Allah ya yafe mini. Ban amsa nan take ba. Na tsaya a bayan mutane da tawul mai agwagwa a kaina, hawaye na zuba, na bar tsohuwar nan ta ƙara kira sau biyu. Shekara arba'in da ɗaya nake jira, na kasa katse ta. A na ukun ne na ga ruwa na neman kayar da ita, na kutsa da gudu na ce, "Na'am, Hajiya! Ga ni!"

Ta juyo. Ta dube ni tun daga agwagwa har jallabiyar surukinta da ke jan ƙasa. Ta fito daga ruwan nan ba wanda ya riƙe ta, ta zo gabana, ta ɗaga silifas ta shimfiɗa mini a kafaɗa. Ta ƙara. "Ke! Ke wace irin mutum ce? Ke ba ki da baki ne? Ki tafi ki bar mutane ba ko sallama?" An dawo "ke" ke nan. Mai tsaro ya tambaye ni ko lafiya, ko ya kira 'yan sanda. Na ce masa lafiya lau, uwata ce. Ya dubi silifas ya dube ni, ya ce to shi ke nan, ya tafi yana waiwaye.

Daidai nan maigida ya iso, jariri a kafaɗa, ayis kirim huɗu sun narke suna bin gwiwar hannunsa. Da ya ga surukarsa ba ɗankwali, sai ya juya da sauri ya fuskanci teku ya ƙame kamar soja. Daga nan yake tambayar ruwa, "Lafiya dai? Me ya faru? Jallabiyata ce waccan?" Na cire tawul ɗin na ɗaura wa Hajiya, ni na ja wuyan jallabiya na rufe kaina. Ba wanda ya sake zancen cika galan na huɗu. Ukun ma, biyu har yau suna ƙarƙashin wurin wanke-wankenmu, don ranar tafiya nauyin kaya bai bari ba, ɗaya aka rarraba wa dangi a 'yan kwalabe.

Da za mu koma mota Hajiya ta kama wuyan hannuna. Ta ce wa ƙawarta yashin nan santsi gare shi, kada mutum ya faɗi. Muka bar yashi muka hau kwalta, ba ta saki ba. Hannunta sanyi ƙalau, ta riƙe ni har bakin ƙofar mota. Iya sanina ba ta taɓa riƙe ni a gaban mutane ba sai ranar.

Mun kama hanyar Greensboro da la'asar, mota sai ƙarnin teku da warin dambu. Na ɗauka yarinya ta yi barci. Can sai na ji ta, da 'yar Hausarta mai tsallake-tsallake da ba ta taɓa haɗa jimla guda da ita ba, ta ce, "Kaka, kin faɗa sunan Mami. Na ji."

Hajiya ta ce, "Ƙarya kike, ƙawata. Da ruwa nake magana."

"Na ji! Sau da yawa!"

Maigida ya ƙara wa rediyo murya kaɗan, don ya nuna ba ya cikin zancen. Ni na kafe ido a kan hanya, ina jin kunnena kamar zai fita ya koma kujerar baya. Muka wuce gonaki, muka wuce wani gidan mai. Har na fid da rai. Sai na ji ta gyara tawul ɗin agwagwa a kanta, ta juya fuska wajen taga.

Ta ce, "Yo ni da na zaɓi sunan? Kakanki wani suna daban ya so ya sa mata. Ta bakin gwaggona na aika, na ce wannan nake so." Sannan ta ce, "Ƙawata, ce wa uwarki kada ta ƙara tsorata ni haka."

Yarinya ta leƙo ta tsakanin kujeru za ta fassara mini. Na ce mata ta bar shi, wannan karon na ji da kunnena.